Zuwa Gashuwa da Gyambo a Kunci

Mun tashi da asuba daga Nguru, ni da ƙanina, cikin wata tsohuwar fijo. Dalilin tafiyar kuwa wani gyambo ne da ya fito mini a cikin kunci, daidai inda nake ajiye garin taba da kanwa tun ina koyarwa, ya kuma ƙi warkewa. An shaida mana akwai likita a Gashuwa wanda ya san ciwon baki.

Hanya ta lalace ƙwarai, kuɗin mota kuma ya hau saboda ƙarancin mai. Na zauna gefen taga, bisa al'adar masu cin taba, domin tofar da yawu. Wani ɗan kasuwa da ke bayana ya ɗaga gilashinsa ya ce, "Baba, damina ta wuce, amma mu nan baya yayyafi ake yi." Aka yi dariya.

Dab da gari muka wuce barkono an shanya jajir, mata suna sheƙar shinkafa. Ƙanwarmu da muka sauka gidanta ta kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Loma guda na kai, yaji ya taɓa wurin, na tsame hannu.

Likitan matashi ne mai ladabi. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Baba, yawu ba ƙazanta ba ne. Yana wanke baki, yana rage kaifin abubuwan da ke jawo ciwon daji. Masana suna binciken yadda ganye da 'ya'yan itatuwa ke ƙara masa ƙarfi. Ku kuwa kun gauraya shi da taba, ragowar kun tofar."

"To, dajin ne, likita?"

"Ban sani ba tukuna."

Ya yanki ɗan nama daga wurin, ya ce za a kai Maiduguri a gwada.

Muka fito daga asibiti. Ƙanina ya shiga kasuwa, ya cika buhu da zogale, yalo da gwaiba.

Bayan la'asar muka iso Nguru. Na miƙa wa maiɗakina gwangwanin tabar, na ce ta zubar. Ta dubi fuskata, ta karɓa.

Tafiyar ta sanar da ni cewa Allah Ya ajiye wa mutum mai gadi a bakinsa, ciyar da shi kuma yana wuyan mutum. Sakamakon gwajin bai zo ba har yau. Ina cin zogale, ina haɗiye yawuna, ina jira.