Ranar da Mushe Illa Ya Kai Madogararsa Birni

Duk wanda ya zauna Madarumfa ya san gaida Mushe Illa, kamar yadda muke kiran malamin boko a nan, aiki ne da ake yi wa shiri. Kana ce masa ina kwana, kafin ya tambaye ka gajiya ya riga ya zaro takarda daga aljihun gaba, ya gyara tabarau, ya karanta maka shafi guda cikin littafin da yake rubutawa a kan kifayen tafkinmu da ilimin masunta. Mai sauri yakan zagaya ta bayan masallaci. Ni da muka koyar a lakwal guda, wato makarantar boko, shekara da shekaru ba ni da hanyar baya, saboda haka na sha karatu har na san halin tarwaɗa fiye da na surukaina.

Bai taɓa sayen farar takarda ba. A bayan tsofaffin takardun jarrabawar ɗalibansa ya rubuta littafin kaf. Akwai wani babban mutum a garin nan, ba zan ambaci sunansa ba don na san zai karanta wannan, wanda sifirinsa na lissafi ke kwance a bayan babin gaiwa.

Abin da ke cin ransa guda ne. Tsofaffin masuntan da suka ba shi wannan ilimi suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana so ko mutum guda cikinsu ya riƙe littafin a hannunsa. Da ya ji labarin wata ƙaramar maɗaba'a ta jami'a a birni, ɗaki biyu da ma'aikata uku, wadda ke karɓar rubutun Hausa, sai ya ja ni rakiya.

Shugabar wurin, Madam Rakiya, sa'ar ɗiyarsa ce. Cikin ladabi ta bayyana masa ƙa'ida: a fara kawo taƙaitaccen bayani na rabin shafi, in ya gamsar a ɗauki babi guda a sa a mujallarsu, sa'an nan a duba littafin, shi ma bugagge a ordinata, wato kwamfuta. Ya saurara har ta ƙare, ya ce, "Ɗiyata, wanda ya zo sayen kifi, ƙaya ake nuna masa?" Ta ce ƙa'ida ce. Bayan mako biyu ya koma mata da taƙaitawar, shafi talatin da ɗaya, yana rantsuwa ya matse littafin har ya yi kuka.

Ɗiyarsa Zulai ta buga littafin a ordinata, aka kai. Bayan watanni amsa ta zo ɗauke da gyare-gyaren masana biyu da aka sakaya sunayensu. Ya tambayi Madam ƴaƴan gidan wa ne, ta ce ba a faɗi. Wannan ya ɗaure masa kai ƙwarai. A ganinsa, mutum ba zai shiga gonarka ya yi maka noma ba, a ce kada ka san ƙofar gidansa. Ya aje ƙullin bandar kifi biyu a kai musu, ta ce ba a karɓa, kada a ce toshiya ce. Ya ce, "To ki ci, ki gaya musu daɗinsa."

Ɗaya daga cikin masanan ya rubuta tambaya guda a gefen shafuka da yawa: ina madogara? A hanyar gida na gaya masa littattafan da aka dogara da su ake nufi. Ya ce da akwai su, da bai wahalar da kansa ba.

Ran Litinin ya ɗauki shatar mota, ya sa Baba Ɗan Tani, wanda idonsa ya riga ya yi rauni, da Baba Nomau, da Baba Jari, masunta uku da suka fi kowa daɗewa a kan ruwa, muka nufi birni. Ya shigar da su biro, wato ofishin Madam, a jere, ya ce, "Madam, ga madogarata. Wanga shi ne shafi na tara zuwa na arba'in. Tambaye shi."

Tsofaffin suka ƙi kujera, aka nemo tabarma. Madam, Allah ya yi mata albarka, ba ta yi dariya ba. Ta aje wayarta a tsakiya tana ɗaukar murya, ta tambayi inda tarwaɗa ke zuba ƙwai. Littafi ya ce gefen gabas. Baba Ɗan Tani ya ce gefen kudu, cikin ciyawa, sauran biyun suka gyaɗa kai. Mushe ya duba shafin, ya ce:

"Baba, ba haka ka gaya mani ba."

"Haka na gaya maka, Illa. Kana karanta mani naka, ba ka ji nawa ba."

Ya ciro alƙalaminsa bik, ya soke layin da hannunsa, ya juyo gare ni ya ce in na kai wannan labari gari ba shi ba ni. Na riƙe alkawari muddin ransa.

Sau biyu Madam ta sake kiran tsofaffin, muryoyinsu suka zama hujjar da masanin ya nema, ya kuwa gamsu. Takardar amincewa ta iso da farkon damina, Mushe yana kwance ba lafiya. Sharaɗi guda ya gindaya, cewa sunayen masuntan uku su gabaci nasa a bango. Na karanta masa takardar, ya sa na maimaita, ya ce in tashi in kai wa Baba Ɗan Tani labari kafin in sha ruwa.

Bai kai kaka ba. Littafin yana wurin bugu yanzu, kuma Baba Ɗan Tani na nan da ransa. Kowace Juma'a sai ya tambaye ni, yana cewa ko ba ya gani, zai auna nauyinsa a hannu.

Allah ya jiƙan Illa, ya yalwata masa kabari, ya sa abin da ya rubuta ya zama mai amfani a bayansa. Allah ya ba tsohon nan kwanakin da zai karɓa. Amin.