Garkuwar Lirwanu

A bakin Inna na fara jin sunansa, tana tsaye tsakar gida tana kallon sama. "Wa ak kan ɗakinmu?" Aka ce mata Lirwanu ne, ɗan Kawu Tanko da ya zo daga Duza, yana neman sabis. Na leƙa, sai ga dogon saurayi tsugune a kan soro, waya a kwance cikin hannuwansa, yatsunsa na ta latsa ta.

Kabu-kabu yake yi a Bukkuyum. Ba ya iya zama. Tuwo ma a tsaye yake ci, ƙafa ɗaya a kan babur. Da la'asar ta yi kuwa, ko fasinja na kira, sai ya hau soro ya shiga wasan yaƙin nan na waya, inda mutane daga garuruwa daban-daban suke haɗuwa su kashe dodanni.

Ba ya ɓoye aibin wasan. "Labarin banza ne, Basira. Kashe wanga, kashe wancan, ba a ko gaya maka laihinsu." Wasan yana cinye caji kamar fara a gonar gero. In sabis ya yanke, mayaƙinka sai ya sandare ana saransa kana kallo. Amma faɗan kansa, Lirwanu yana yabonsa. Ya ce sara na da nauyi, kauce wa bugu kuma sai mai ido, kuma babban dodo ba ya faɗuwa sai mutum biyu, ɗaya ya tare, ɗaya ya sara.

Na daɗe ban gane wa yake tare wa ba. Inna ce ta warware mini. Ƙanwar su Lirwanu ta rasu shekarar gubar dalma, lokacin da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Da ƙanensa Mu'awiya ya girma ya ce zai tafi haƙar zinariya Nijar, Lirwanu ya ce in ya tafi kada ya ƙara kiransa yaya. Mu'awiya ya tafi. Tun daga nan ba ya ɗaukar kiran kowa.

Amma wasan da suka fara tare bai bari ba. Da la'asar sunan Mu'awiya kan yi kore a wasan, alamar yana kan layi, ya shigo da gatari ya afka wa dodo ba sallama, Lirwanu ya sha gabansa da garkuwa.

Na ce, "Yaya, ka rubuta masa mana."

"Na gwada. Hita ya yi, sai da aka yi sati ya dawo." Ya buga wayar a tafinsa. "Wasan ga ba shi da inuwar zama. Ka gama kisa, a kore ka. Amma ko banza na san yana da rai."

Da damina ta faɗi, Kawu ya kwanta ciwo, dole Lirwanu ya koma Duza noma, can kuwa ba sabis. Ya yi ta shiga yana fita, ya ɗaure kaya ya kwance. Daga ƙarshe ya miƙo mini wayar.

Na ce ban iya faɗa ba.

"Ba faɗa nika so ba. Ki hau soro da la'asar. In kin ga sunanai ya yi kore, ki danna nan, ki tsaya gabanai. Yaron ga ba ya duba baya. Kada ya shigo ya iske ba kowa."