Ranar da Mai Ɗakina Ta Tura Kunkuru

Motata Bitil ce, irin wadda yara ke kira Kunkuru. Na saye ta tun ina koyarwa a Kagoro, har na yi ritaya tana nan. Mai ɗakina kuwa ta gaji da ganinta. In ta fito shara sai ta ce, "Tica, kajina sun fi ka morar wannan abin." Da gaskiyarta, don sau biyu ana tsintar ƙwai a kujerar baya.

Wata Lahadi wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a cocinmu ya kawo mini labarin gasar tsofaffin motoci. Ba gasar gudu ba ce. Za a tashi daga Kafanchan a bi Kagoro zuwa Samaru Kataf, a dawo ta Madakiya. Kowane direba da mai karanta masa takardar hanya, kuma a kowane zango sai ka iso daidai lokacin da aka rubuta.

Na roƙi mai ɗakina ta riƙe mini takarda da agogo. Ta yarda, amma da sharaɗi: in motar ta mutu a hanya, mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo ya kwashe ta. Na ce na ji. Abin da ban gaya mata ba shi ne, in Kunkuru ta yi zafi ta tsaya, ba ta tashi sai an tura.

Kai, ashe matar nan gwana ce! "Rage, Tica, ka yi sauri da yawa! Hagu bayan gada!" Shekaru ina ba da umarni a aji, ranar na sha nawa. A kowane zango ina taka totur kada injin ya ɗauke, ita kuma ta miƙa kati a sa hannu. Har Samaru ba mu makara ba. Na fara jin kaina wani babba.

Dab da Madakiya muka hango wata tsohuwa a bakin titi da buhun citta a gabanta. Yayar surukata ce.

Mai ɗakina ta ce, "Tsaya."

"Maman yara, agogo fa?"

"Agogon ne ya goye ni? Ka wuce Mama da kaya, gobe da wane ido za ka shiga garin nan?"

Na sani sarai ba a wuce babba haka. Na tsaya. Gaisuwa kuwa ba ta gajarta: gida, jikoki, ƙafar da ke ciwo, wanda ya rasu. Ina buɗe but ɗin gaba in sa buhu, Kunkuru ta yi tari sau biyu, ta yi shiru. Na murɗa makulli. Ko uffan. Wallahi na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka.

Mama ba ta ma lura ba. Ta shige baya tana shafa kujera. "Af, ita ce har yanzu? Nan na riƙe ki, 'yata, ranar naƙudar fari. Ruwan sama ya cinye hanya, babu motar da ta yarda ta fito sai wannan."

Mai ɗakina ta ajiye takarda, ta cire takalmi, ta ɗaure zani tamau, ta zagaya baya.

"Sa giya ta biyu, Tica. Kada ka ba ni kunya!"

Ta tura, Mama na ciki tana ta "Yesu ya taimaka," har injin ya kama da ƙara.

Mu ne na ƙarshe a Kafanchan, an ma fara kwashe kujeru. Aka yi mana tafi, aka yi mana dariya, motar na ƙanshin citta.

Da safe mai sayen ƙarafa ya iso, don labari ya riga mu gida. Na fito da makulli a hannu. Mai ɗakina ta tare shi da tsintsiya.

"Wa ya ce maka ta mutu? Hutawa ta yi. Ni na tura ta, ni na sani." Ta juyo gare ni. "Kai kuma ka gyara ta kafin baɗi. Ba zan sake zuwa ta ƙarshe ba."