Malam Sabitu da Rufin Maman Ekene

Malam Sabitu kafinta ya tsufa a gidan haya a Gyaɗi-Gyaɗi, bai taɓa yi wa mai gidan, Alhaji Badamasi, musu ba. Shekarar da soja suka miƙa mulki, Alhaji ya so mayar da gidan ofishin jam'iyya. Maman Ekene, maƙwabciyar Sabitu, ta ƙi tashi, ta ƙi biyan haya sai an gyara mata yoyo.

Alhaji ya ce, "Sabitu, yaye mata kwano, in bar maka ɗakinka."

Sabitu ya kafa tsani, ya hau da guduma, ga hadari ya haɗo, tana ƙasa tana kiran sunansa. Bai dube ta ba har ya gama yaye kwanon.

Da ya sauko, Alhaji ya ce, "Sannu, Malam. Kar ka ajiye gudumar, saura naka."

Sabitu ya matsar da tsanin zuwa nasa ɗakin.