Ƙarar da Na Kai Malam Kyari

Duk wanda ya koyi aikin koyarwa a hannun marigayi Malam Kyari ya san ba ya zama a kujera. Kana tsakiyar darasi sai ka ga ya sulalo aji, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya tattare riga, ya matsa tsakanin yara biyu a kan tabarmar layin ƙarshe. Dattijo da furfurarsa, gwiwoyi sun kusa taɓo haɓa. Ba zai ce uffan ba sai ya ga ka ɗauko bayani da zafi kana jin kanka. A nan zai ɗaga yatsa ɗaya kamar ɗan aji biyu, ya ce, "Malam, ni dai ban gane ba." Yara su ƙyalƙyale da dariya, kai kuma gumi ya keto maka.

An ce mu tsofaffin ɗalibansa kowa ya rubuto abin da yake tunawa. Ni ne Sabi'u, wanda aka turo masa daga Haɗeja a ƙarƙashin tsarin nan na haɗa sabon malami da tsohon hannu har shekara guda. Shi zai riƙa duba ka, shi zai sa hannu a littafin darasinka, kuma in bai sa ba, ba ka zama jarrabawar lasisi, ba a tabbatar da kai a aiki. Makarantar tana can bakin fadama, bayan Kirikasamma, inda kusan kowane gida akwai komar kamun kifi rataye a danga.

Makona na farko aka ce in koya wa 'yan aji huɗu sassan jikin kifi. Na zo da takalmi mai ƙyalli da takardar shaidata sabuwa fil, na zana kifi a allo yadda na gani a littafi, na ja kibiyoyi, na fara zuba bayani. Sai na ga yatsa a sama.

"Malam, wannan wane kifi ne?"

Na ce, "Kifi ne kawai, Malam. Misali ne."

Ya juya ga yaran. "Akwai wanda babansa ya taɓa kamo kawai a fadamar nan?"

Suka ce babu. Wata yarinya, Yagana, ta ce ita ta ɗauka takalmin roba ne.

Washegari ya zo da bokiti a bayan kekensa, tarwaɗa a ciki da ranta. Ya dire a gaban aji ya koma tabarmarsa. "Bismillah, Malam. Nuna musu inda take numfashi."

Ni ɗan cikin gari ne, kifi a soye na san shi. Na zura hannu, ta suɓuce, ta yi tsalle ta faɗo kan takalmin nan nawa mai ƙyalli, ni kuma ban san lokacin da na haye tebur ba. Yagana ta taso a natse, ta danne ta a bayan kai, ta buɗe kumatunta ta nuna wa aji, tana faɗin sunan komai da komai.

Malam Kyari ya ce, "To, yau an samu malama." Ya daddaɓa tabarma a gefensa. "Sauko, ɗana. Akwai wuri a nan."

A kan tabarmar na ƙarasa darasina na farko, ina wari.

Sai maganar alli. Kun san makullin ɗakin ajiya a wuyansa yake kwana. Ran Litinin zai ba ka sanda ɗaya, ya karya ta biyu a gabanka, ya mayar da rabin aljihu sai Laraba. Guntun da ya rage, ko bai kai ƙwayar gyaɗa ba, sai ka dawo da shi, yana da gwangwanin madara da yake tara su. Ran Juma'a ya daka, ya kwaɓa da ruwan ƙaro, ya ɗura a karan dawa da ya ƙwaƙule, ya shanya a kan kwanon aji. Abin da ke fitowa ya yi kama da alli, amma in ka ɗora shi a allo ƙara kawai yake yi, irin wadda ke sa haƙori tsami.

Na same shi na ce, "Malam, allin nan ba ya kamawa."

"Ka lasa."

"In lasa?"

"Ka ɗan lashi bakinsa. Yana son danshi."

Kuma wallahi in ka lasa yana kamawa, na kalma uku. Malam Haruna, na san za ka karanta wannan, kada ka yi kamar ba ka sani ba, kai shekara guda cur ka yi kana lasa. Ni dai zango guda ina komawa gida da leɓe fari tas, har mahaifiyata ta tsayar da ni a tsakar gida ta ce, "Sabi'u, wai a makarantar taku ba a ba ku ruwan sha ne?"

Bayan kowane darasi yakan kira ni gindin tsamiya. Bai taɓa cewa na yi daidai ko na yi kuskure ba. Tambayarsa ɗaya ce: "Wa ya gane, wa bai gane ba? Faɗi suna." In na ce yawancinsu sun gane, sai ya ce bai san wani yaro mai suna Yawancinsu a rajista ba.

Har nan duk kuna iya dariya, ni ma ina yi. Daga nan ne abin ya fara yi mini nauyi.

Shekarata saura makonni kaɗan ta cika aka yi ambaliya. Ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwa, ruwan ya rasa inda zai bi, ya malalo ya yanke hanyar ƙauyen. Ran Litinin na zo a babur har bakin ruwan, na tsaya na kalle shi, na juya gida. Mako biyu na yi a Haɗeja. Amma littafin darasi ba ya son giɓi, in akwai kwanakin da ba a cike ba sai an yi tambaya. Sai na zauna a zaurenmu na cike su duka. Har biro na riƙa canzawa, shuɗi da baƙi, don kada a gane zama ɗaya aka yi.

Abin da ban sani ba, Malam Kyari bai fasa ko rana ɗaya ba. Gidansa yana tsallaken fadama. Ya ari babban gora irin na masunta, ya ɗaure riga da rajista a ka, ya kife cikinsa a kansa yana iyo da ƙafa. Ya tara yaran da ya samu a tudun masallacin idi, har da 'yan ajina, yana koyar da su a ƙasa da tsinke.

Da ruwa ya ja na kawo masa littafin. Ya saka gilashinsa mai ɗaurin zare, ya bi layi da yatsa.

"Talata. Raba lamba. Ɗalibai sun fahimta ƙwarai. Madalla. A wane aji aka yi?"

"A ajinmu, Malam."

"Ranar nan ruwa a ajinku ya kawo mini nan." Ya nuna cinyarsa. "Na leƙa ta taga. Na ga ɗalibai kam, sun cika aji, amma 'ya'yan karfasa ne. Ban san sun kai raba lamba ba."

Na jira ya yi dariya, bai yi ba. Ya rufe littafin ya miƙo mini. "Ba zan sa hannu ba. Ka yage waɗannan shafukan, ka rubuta cewa ba ka zo ba. Ka ƙara zango ɗaya."

Abokaina duk za su zauna jarrabawar a wannan karon. Mahaifiyata ta riga ta gaya wa maƙwabta. Na hau babur ina huci, kuma maimakon in wuce gida sai na tsaya a wani shagon buga takardu. Na sa aka buga wasiƙa zuwa ofishin da ke kula da tsarin. Da Hausa na tsara ta don a ɗauka daga ƙauyen ta fito, na sa hannu da "Iyayen yara masu kishi". Na ce Malam Kyari ya tsufa, ya fara ruɗewa. Yana zama a ƙasa cikin yara, yana kawo kifi aji, yana sa malamai lasar alli, kuma yana danne sababbin malamai saboda hassada. Na haɗa gaskiya da ƙarya na cakuɗa su yadda mai karatu ba zai iya rabawa ba.

Bayan mako uku wani jami'i ya zo, suka shiga ofishin hedimasta da Malam Kyari suka daɗe. Washegari Malam Kyari ya shigo ajina kamar kullum, ya zauna a tabarma, ya ɗaga yatsa sau biyu. Da aka tashi ya kira ni gindin tsamiya, ya zaro takarda daga aljihu. Wasiƙata ce, jami'in ya bar masa kwafi. Ta yi ja jawur da biro.

"Taya ni duba wannan, ɗana. Iyayen yara ne suka rubuto. Sun ce sun kawo kara. Ban sani ba ko na dawa ne ko na gero."

Injin shagon ba ya sa ƙugiya a haruffa. Malam Kyari ya bi wasiƙar da ta zage shi layi-layi, ya sa wa kowace ƙa da ɗa da ɓa ƙugiyarta, ya gyara waƙafi, ya raba sakin layi. A ƙasa ya rubuta huɗu bisa goma, a sake.

"In ka gan su," in ji shi, "ka ce musu hujja ake fara kawowa kafin zagi. Kuma su rage bugu da ƙari. Sau biyar a shafi ɗaya ya yi yawa."

Yaran ajina kuwa tun zangon farko suke kirana Malam Bugu-da-ƙari a bayan idona.

Ya tsaya yana kallona, ba da fushi ba. Ya ba ni lokaci mai yawa. Na san abin da ya kamata in faɗa, yana nan a bakina. Sai na naɗe takardar na ce, "To, Malam, zan gaya musu."

Ya gyaɗa kai, ya tafi wajen kekensa.

Zangon nan ya yi shi da ni bai rage komai ba, bai ƙara komai ba. A ƙarshe ya sa hannu. A gurbin ra'ayin mai kula, inda wasu ke cika shafi, jimla biyu ya rubuta: "Ya san sunan kowane yaro. Yana zuwa." Har yau ban sani ba ko yana nufin ina zuwa aiki ne, ko ina nan tafe dai ban iso ba. Na ci jarrabawa, na karɓi lasisi, aka mayar da ni wata makaranta wajen garin Malam Madori.

Sai bayan shekaru hedimastan ya gaya mini abin da ya faru a ofis. Jami'in ya tambaye shi dalilin da ya ƙi sa mini hannu. Da ya faɗi maganar shafukan nan, da ranar aikina ya ƙare, shi kuma ya wanke kansa. Cewa ya yi, "Da saura ne kawai." Aka yi ta juya tambayar, bai ƙara ko kalma ba. Jami'in ya tafi da tunanin lallai tsohon yana da taurin kai mara dalili.

Daga ni ba a sake turo masa kowa ba. Ba a rubuto an cire shi ba, sunansa ne dai ya daina fitowa, har ya yi ritaya. Ku da yawa kun sha tambayar wane ne ya rubuta wasiƙar nan. Na zauna tare da ku a wajen ɗaurin aure da wajen bita ana tsine wa iyayen yaran, ni ma ina girgiza kai ina cewa mutane ba su da kirki. To, ni ne. Ba wani uba a ƙauyen nan da ya san da ita.

Na sha shirya zuwa in same shi. Sau biyu na kai har ƙofar gidansa da ledar goro, muka gaisa, ya tambaye ni yara nawa ne ba su iya karatu ba a ajina, in faɗi suna, na faɗa, na yi sallama na taho.

Da ya rasu, ranar sadakar uku na shiga yi wa matarsa, Ya Fanna, gaisuwa. Ta ce, "Kai ne autansa." Ta ce bayan tafiyata, duk ranar da aka dawo daga hutu sai ya sa rigarsa mai kyau, ya sa sabon jan biro a aljihu, ya fita da wuri. In ya dawo ya jingine keke sai ya ce, "Yau ma ba a kawo kowa ba." Shi ke nan, sai ya nemi abinci.

Ina durƙushe a bakin tabarmarta na ce, "Iya, wasiƙar da ta jawo haka, ni na rubuta."

Ta ci gaba da jan carbinta.

"Na sani," in ji ta. "Ranar ma ya gaya mini. Ya ce kada kowa ya tayar maka da zancen, a bari sai ka kawo shi da ƙafarka." Ta dube ni. "Ka daɗe a hanya, Sabi'u."

Na ce na daɗe, Iya. Ta tura mini kwanon kunu, ta ce in sha kada ya huce.

Ya Allah, bawanka Kyari ya rufa mini asiri a lokacin da tona shi ne zai fisshe shi. Ka rufa masa nasa a ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya shi, Ka ba Ya Fanna haƙuri. Ni kuma da ban nemi gafararsa yana da rai ba, Ka isar masa da roƙona. Amin.