Tarihin Malam Hayatu Ɗantala, Wanda Ya Raba Ƙuri'ar Gidansa Biyu

Haihuwa da asali

An haifi Malam Hayatu Ɗantala cikin daminar shekarar 1916, a ƙauyen Tudun Gawo da ke ƙasar Gazawa, a zamanin da ake gudanar da mulkin wannan yanki daga Tasawa. Mahaifinsa shi ne Ɗantala Inusa, manomi kuma mai fataucin kanwa, wanda kakanninsa suka ƙauro daga ƙasar Katsina tun kafin Turawa su shata iyaka. Mahaifiyarsa Hadiza, wadda aka fi sani da Gogo, mutuniyar Cadawa ce. 'Ya'ya bakwai Allah ya ba su, amma biyu kaɗai suka rayu har girma, wato Hayatu, wanda shi ne na fari, da Chindo, wanda aka haifa a 1924. Duk mai ba da tarihin Malam Hayatu dole ya ba da na wannan ƙane nasa, domin a kansa ne babban abin baƙin cikin rayuwarsa ya faru.

Karatu

Ya fara karatun allo a hannun Malam Alhassan, limamin ƙauyensu. A shekarar 1925 kumandan Tasawa ya nemi kowane mai gari ya ba da yaro ɗaya zuwa lakol, wato makarantar boko, mai garin Tudun Gawo kuwa ya duba 'ya'yansa ya ga babu wanda zai iya rabuwa da shi, sai ya miƙa ɗan Ɗantala. Shekara huɗu Hayatu ya yi a Tasawa. Ya dawo gida a 1929 da Faransanci a bakinsa da rubutun boko a hannunsa, tare da wani yaƙini da ya daɗe yana wahalar da shi, cewa babu wani al'amari na hukuma da ya fi ƙarfin dabararsa.

Sana'a da iyali

Tun daga 1933 ya kafa tebur a wata rumfa cikin kasuwar Gazawa, yana rubuta wa jama'a wasiƙu da takardun koke zuwa buro, wato ofishin hukuma, bai kuma saki noma ba. A 1937 ya auri Suwaiba, 'yar wani maƙwabcinsu, wadda ita kaɗai ya zauna da ita har ƙarshen rayuwarsa. Mahaifinsa ya rasu a 1939, gandu ya dawo hannunsa, haka ma riƙon Chindo, wanda a lokacin yake da shekara goma sha biyar.

Shaida ta tabbata cewa Hayatu ya riƙe ƙanensa da amana. Ya kai shi Cadawa ya koyi ɗinki, a 1947 ya saya masa keken ɗinki, a shekarar da ta biyo ya aurar masa da Shatu. Chindo mutum ne mai ƙarancin magana, ba ya sa hannu a akushi sai yayansa ya sa, ba ya zuwa kasuwar wani gari sai ya nemi izininsa, ko bayan shi ma ya zama uban 'ya'ya. Mutanen Tudun Gawo sukan kafa misali da su idan za su yi wa 'ya'yansu faɗa a kan zumunci.

Zuwan zaɓe

Bayan yaƙin duniya na biyu, zaɓe ya shigo ƙasar, kuma ya shigo hawa-hawa. Akwai majalisa a Yamai mai duba haraji da rijiyoyi da hanyoyi, akwai wata a Dakar da ta haɗa ƙasashen yammacin Afirka da ke hannun Faransa, akwai kuma babbar ta Paris inda ake yin dokoki. Jam'iyyu biyu ne suka yi ƙarfi a kasuwannin Gazawa da Cadawa, kuma mutanen karkara ba su damu da dogayen sunayensu na Faransanci ba, da zanen da ke kan takardar ƙuri'a suke kiransu. Ɗaya Rumbu, wadda hakimi da masu gari suke baya, ɗaya Fitila, wadda ta tara 'yan kasuwa da direbobi da masu sana'ar hannu.

Tun da Hayatu ne mai karanta wa jama'a takarda, wurinsa ake zuwa neman bayani, shi kuwa bai taɓa rasa bayani ba. Ya tsara wata ƙa'ida tasa. A zaɓen Paris ya ce a jefa wa Fitila, domin a can ne aka soke aikin tilas, kuma 'yan Fitila sun fi iya buɗe baki su faɗi kukan talaka. A zaɓen Yamai ya ce a jefa wa Rumbu, domin hakimi ne mai tsayawa a kan haraji, kuma shi ake gani kowace safiya. Hujjarsa daga gona ya ɗauko ta: babu manomi mai hankali da zai shuka gero zalla, sai ya sa wake a tsakani, in wannan ya ƙi wancan ya yi. Haka ya yi a zaɓukan 1951 da 1952 da na farkon 1956, magidantan ƙauyuka da dama suka bi shi. Dabarar ta yi aiki, hakimi yana gaishe shi, 'yan Fitila suna kawo masa goro, shi kuma kansa ya ƙara girma.

Rabon gida

A watan Maris na 1957 aka yi zaɓen majalisar Yamai, wanda kowane baligi, mace da namiji, ya sami damar jefa ƙuri'a a cikinsa, sai Fitila ta yi rinjaye a wurin da Hayatu ya ware wa Rumbu. Daga nan jam'iyyun biyu suka buɗe rajista suna raba kati, ƙuri'ar da ake jefawa a ɓoye cikin ambulan ta daina isarsu, suna son sunan mutum a rubuce. Hayatu ya ga ba zai iya riƙe kati biyu ba, amma gidansu yana da maza biyu. Ya yanke shawarar shi ya karɓi katin Rumbu, Chindo ya karɓi na Fitila, ta yadda duk wadda ta ci gidan Ɗantala yana da ƙafa a ciki.

Suwaiba, wadda ta ji maganar da kunnenta, ta ce Chindo bai taɓa yi wa yayansa musu ba sai ranar. Ya ce, "Yaya, mi ya haɗa ni da wanga abu? Ni ko sunana ban iya rubutawa." Hayatu ya yi dariya ya ce, "Ai ni za ni rubuta. Kai dai ci gaba da ɗinkinka." Gogo ma ba ta yarda ba, ta aika masa ta bakin Suwaiba, tun da ba ta kiran sunan ɗan fari, cewa ita mutane ta haifa, ba gero da wake ba. Bai saurara ba. Da hannunsa ya rubuta sunan Chindo Ɗantala, tela, a littafin rajistar Fitila na Gazawa. Da 'yan Fitila suka ga suna da tela a cikinsu, sai suka riƙa kawo masa ɗinkin tutocinsu, suna zama a rumfarsa suna hira, shi kuwa yana taka kekensa ba ya sa musu baki.

A watan Satumba na 1958 aka zo da ƙuri'ar raba gardama a kan zama tare da Faransa, tambaya ɗaya tak, i ko a'a. Rumbu ta ce i, Fitila ta ce a'a. Wannan karon babu zaɓen kusa babu na nesa da za a raba, kuma a karon farko mutane suka zo teburin Hayatu suka tashi ba su sami amsa ba. I ta yi rinjaye, Rumbu ta karɓi mulki a ƙarshen shekarar, aka naɗa Hayatu magatakardan reshenta na yankinsu. Chindo ya roƙe shi ya cire sunansa daga wancan littafi, Hayatu ya ce masa a dakata a ga inda iska za ta kaɗa. Kafin 1959 ta ƙare aka haramta Fitila, littattafanta suka faɗa hannun hukuma.

Abin da ya faru a Tasawa

A watan Fabrairu na 1960 jandarma suka zo kasuwar Gazawa suka kama mutum tara, har da Chindo, suka ɗora kekensa a mota tare da ragowar ƙyallen tuta. Bayan kwana uku aka kira Hayatu zuwa buro a Tasawa. Mai binciken ya buɗe littafin rajistar Fitila a gabansa, ya tambaye shi ko rubutun nasa ne, kuma ko mai sunan da kansa ya nemi shiga.

Gaskiyar magana guda ce, kuma gajera ce, da ya faɗe ta mai yiwuwa da tare za su kwana a gidan kaso, mai yiwuwa kuma da an saki tela. Amma Hayatu ya tuna muƙaminsa, ya tuna babban ɗansa Amadu da bai daɗe da samun shiga babbar makaranta a Maraɗi ba, ya kuma gaya wa ransa cewa gara ɗaya ya zauna a waje don ya fito da ɗayan. Ya amsa da Faransanci cewa shi marubucin kasuwa ne, duk wanda ya zo teburinsa da buƙata yana rubuta masa, ƙanensa kuwa baligi ne mai hankalin kansa. Ya zaci Chindo, wanda ke zaune a ƙasa a bakin ƙofa, ba zai gane ba. Sai mai binciken ya umarci tafinta ya fassara wa wanda ake tuhuma abin da shaida ya faɗa, tafinta ya fassara kalma bayan kalma. Aka tambayi Chindo ko yana da ja, ya ce, "Yadda Yaya ya ce, haka ne."

Wata goma sha huɗu Chindo ya yi a tsare. Hayatu ya rubuta takardun koke har ba su ƙirguwa, ya yi zarya tsakanin Tasawa da Maraɗi, amma katinsa na Rumbu, wanda don irin wannan rana ya karɓe shi, bai buɗe masa ko ƙofa ɗaya ba. Ranar 3 ga Agusta 1960 ƙasa ta sami 'yancin kai, kuma shi aka sa ya karanta sanarwar a kasuwar Gazawa, taku kaɗan daga rumfar ƙanensa da ke rufe. An saki Chindo a watan Afrilu na 1961. Ya kwana biyu a Tudun Gawo, ya yi sallama da mahaifiyarsa, ya ɗauki Shatu da 'ya'yansa uku ya tsallaka iyaka zuwa Ɗankama ta ƙasar Katsina. Bai nemi rabonsa na gona ba, bai kuma nemi izinin tafiya ba.

Shekarun baya

Gogo ta rasu a 1963, Chindo ya zo gaisuwa ranar da ya tabbata yayansa yana Tasawa, ya koma kafin azahar. A wannan shekara Hayatu ya ajiye muƙaminsa na jam'iyya, ya daina ba kowa shawara a kan zaɓe, in an matsa masa sai ya ce shi wasiƙa yake rubutawa. Ya yi nadama, kuma bai ɓoye ta ba. Kowace sallar layya yana aika wa Chindo wasiƙa da cinyar rago ta hannun fatake, naman ana karɓa a raba wa maƙwabta, wasiƙar ba a taɓa amsa ta ba. A Ɗankama ma akwai zaɓe hawa biyu, na majalisar jiha a Kaduna da na tarayya a Ikko, 'yan siyasa sun sha zuwa shagon Chindo da kati, yana gaya musu shi baƙo ne.

A 1975, bayan sojoji sun karɓi mulki an daina zancen jam'iyyu, Hayatu ya tafi Ɗankama da ƙafarsa. Chindo ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya sa aka kawo ruwa da fura, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Hayatu ya ce ya zo neman gafara ne, domin shi ya rubuta sunan, shi kuma ya yi ƙarya a Tasawa. Chindo ya ce, "Ba komi, Malam, ai ya wuce." Ya raka shi har bakin hanya kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Hayatu ya gaya wa Suwaiba cewa da zagi aka yi masa da ya fi jin sauƙi. Sau biyu ya sake komawa, a 1978 da 1980, tarbar ba ta canja ba.

Rasuwa

Ciwon ƙirji ya kwantar da shi a farkon 1982. Da ya ji jikinsa ya yi nauyi, ya bar wa Amadu wasiyya guda, cewa kada a sa shi a kabari sai an kira Chindo ya tsaya a sahun gaba. Ya rasu da hantsin ranar Alhamis, 11 ga Maris 1982, yana da shekara sittin da biyar. Nan take ɗansa Sule ya hau babur zuwa Ɗankama. An yi wa mamacin wanka da sutura, jama'a suka zauna jira har aka yi azahar, liman ya yi magana, Amadu ya roƙi a ƙara haƙuri. Ana kiran la'asar Sule ya dawo shi kaɗai. Ya ce ya sami baffansa a kan keke, ya tsayar da ɗinki, ya yi salati, ya ce Allah ya jiƙansa ya ba su haƙuri, sannan ya ce yana da ɗinkin mutane a hannu.

An yi masa salla bayan la'asar, Amadu ne ya tsaya a inda aka bar wa Chindo, aka binne shi a maƙabartar Tudun Gawo kusa da mahaifiyarsa. Ya rasu ya bar matarsa Suwaiba da 'ya'ya biyar: Amadu, malamin lakol a Gidan Rumji, Kande, mai aure a Cadawa, Sule da Ɗahiru, manoma a Tudun Gawo, da Tala, mai aure a Gazawa, da jikoki ashirin da uku. Ya kuma bar ƙane ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, Malam Chindo tela, a Ɗankama.