Uwar khal ɗin Gwaggo da na zubar

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Zahir a Makka, ana idar da salla muka shiga mota: ni, da Gwaggo yayar babana, da ɗanta mai tuƙi. Ɗa'if muka nufa. Kuma jama'a ba shan iska ya kai mu ba, ɓarna na yi aka tafi gyarawa.

Gwaggo tana da ɗan lambu a saman bene, barkono da kokwamba da tumatur, duk a bokitai. Abin da ya yi yawa sai ta yi turshi da shi, wato ta jiƙa a khal, ruwan tsamin nan da ake kira binigar, ya shekara bai lalace ba. Khal ɗin ma ita ke yin abinta da inabi a wata randa. A cikin randar akwai wani abu mai yauƙi kamar tantani, shi take kira uwa, tun hannun kakata yake. Ni kuwa ranar da zaman gida ya ishe ni na ce bari in yi abin kirki. Na ɗauka datti ne, na juye, na wanke randar tas da sabulu.

Da ma faɗa ta yi. Kwana uku tana miƙo min abinci ba ta kallona. Abin da ta gaya wa ɗanta shi ne, in ba a sa uwa da tsohon khal tun ranar farko ba, ruwan inabi giya yake fara zama, ita kuwa ba za a yi wannan a gidanta ba. Khal ɗin bakala kuma, wato na kanti, ta ce ruwan batir ne. Mutum ɗaya ya rage: wata tsohuwa a Ɗa'if da kakata ta taɓa yankar wa uwar. Lambarta ta daina shiga, ba mu san ko tana raye ba.

A Aziziyya muka tsaya muka sayi burodin tamis da ful, wato dafaffen wake, burodin na ƙona hannu. Muka bi ta gefen Muzdalifa, fayau, ba ka cewa nan ne ake rasa wurin shimfiɗa kwali lokacin Hajji. Daga nan hawan dutsen Hada. Titi ne mai kyau amma kwana kan kwana, kunnena ya toshe, Gwaggo na ta jan carbi. Birai zaune a bakin hanya kamar masu jiran a ba su igama, takardar izinin zama. Na zuge gilas zan ɗauki hoto, wani ya wafce sauran tamis ɗina. Nan na ji Gwaggo ta yi 'yar dariya, ta farko tun ranar.

Ɗa'if sanyi, wallahi kamar ba wata ɗaya muke da Makka ba. 'Yan bakin titi sun jera inabi da rumman da ɓaure, kuma duk wanda ka tsaya sai ya ce ɗanɗana. Farashin nan da na Makka bai bambanta sosai ba, daɗin ne ba ɗaya ba.

Neman gidan ya ci mana har azahar. Unguwar ta canza, Gwaggo tana kwatance da wata bishiya da yanzu shagon taya ne a wurin. Wani ɗan Nijar mai aikin gini ya cece mu, da ya ji an ce tsohuwa mai turshi sai ya ajiye shebur ya raka mu har ƙofa.

Tana raye. Idonta ya yi rauni, Hausarta rabi Larabci ce, amma da jin muryar Gwaggo ta kira sunan kakata ta fara kuka. Aka kawo shayi, aka kawo sobiya mai sanyi, ta sha'ir, fara da ja, ta ce sai na faɗi wadda ta fi. Na ce jar. Ta ce bakin yara gare ni. Ta sa na ɗanɗana turshi kala biyar, na lemun tsami ya sa ni hawaye.

Sai Gwaggo ta faɗi abin da ya kawo mu, ba ta ce ni ne ba. Ni na ce ni ne. Tsohuwar ta lalubo kunnena ta murɗa.

"Ɗan nan, kakarka ka wanke da sabulu?"

Ta sa aka jawo randa daga ƙarƙashin bene. Uwar tana nan, ta yi kauri har hawa-hawa. Da hannunta ta ɓare ɗaya ta sa a kwalba, ta cika da khal, ta ɗaure bakin da ƙyalle. Ta ce kar a sa murfi, numfashi take yi, kar kuma a girgiza.

Muka sayi inabi kwali huɗu muka juyo. A bakin mota Gwaggo ta tsaya da kwalbar a hannu, ta kalli ɗanta, ta kalle ni.

"Ungo. Kai za ka riƙe."

Kun san ni. Aji ban iya zama ba, shagon wayar da aka kai ni wata biyu na yi. Amma gangaren Hada gaba ɗaya ban motsa ba, kwalba a ƙirji, kowace kwana ina bin ta da jiki. Wayata ta yi ta kuka a aljihu. Khal ya ɗan zubo min a riga, har muka shigo Makka ina warin turshi.

Kafin magariba muna saman bene. Ni na matse inabin, Gwaggo ta zuba tsohon khal ɗin kwalbar, sannan ta ce in sa uwar da hannuna, da bismilla.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba shi da yawa: in ka ga abu a gidan tsohuwa ba ka gane shi ba, tambaya tukuna. Yau kwana tara, kullum da safe ina hawa in ɗaga ƙyallen in shinshina. Ɗazu na tarar wani sabon tantani siriri ya kwanta a sama. Na kira Gwaggo, ta leƙa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in sauka in ci abinci kar ya huce. Wannan karon tana kallona ta faɗa.